Madubin da Ya Ce In Ajiye

Litinin, 4 ga Safar, 1352

Yau na gane abin da maigidana yake nufi. Kwana arba'in da biyu ina riƙe da wasiyyarsa a karkace.

Da sanƙarau ya kayar da shi, maganarsa ta ƙarshe ita ce, "Kellu, madubi. Ki ajiye wa abin da ke cikinki." Ni kuwa na ɗauka ƙaramin madubina ne da ya sayo mini a Kano. Na naɗe shi a tsumma na jefa ƙasan adaka, tunda mai takaba ba ta duba fuska. Har na ji haushinsa kaɗan, Allah ya yafe mini. Mutum yana mutuwa yana zancen kayan kwalliya.

Da hantsi ƙanensa Suma'ila ya kawo Bukar maƙeri ya ga tsohuwar motar da ke kangon bayan gida, wadda Nasara ya bar wa maigidana lokacin da ta mutu, bayan shekara shida yana tuƙa shi. Ina bayan zana ina tankaɗe, na ji Bukar yana cewa ƙarfen yake so, madubin gaba kuwa guduma ɗaya ce. Rariyar ta faɗi daga hannuna.

Da suka tafi na je na share ƙurar gilashin gaban motar da gefen zanena. A kusurwar ƙasa ga fuskarsa. Ɗan hoton da aka yi masa na takardar tuƙi, ya soke shi ta ciki, ruwan damina ya manne shi da madubin. Shi ke nan hotonsa a duniya.

Asabar maƙera za su zo.

Talata, 5

Na gwada ɓamɓare hoton da farce, gefen ya fara yagewa. Na bari. Sai dai madubin ya fita ɗungurungum.

Na aika wa Bukar ko zai cire mini. Ya ce shi ƙarfe ya sani, in ya fashe kada a kira sunansa. Suma'ila kuma ya ce hoto ba ya kai mutum aljanna. Gaskiya ne. Ban ce yana kaiwa ba.

Ƙusoshi takwas masu murɗawa ke riƙe da madubin, duk sun yi tsatsa. Na ɗiga musu man gyaɗa da gashin kaza, yadda na sha ganin yana yi.

Laraba, 6

Mai kuma, safe da la'asar. Ban ci tuwo ba.

Alhamis, 7

Kowa ya tafi kasuwa. Na ɗauko turnabis ɗinsa na kwance ƙusa, ƙotar har yanzu da shatin hannunsa. Bakwai sun fita. Ta takwas ta ƙi, bakinta ya cinye. Na zauna a kujerarsa na yi kukan da ban yi ba ran sadakar arba'in.

A nan Inno, uwarsa, ta same ni. Na zaci faɗa za ta yi, mai takaba da cikin wata bakwai a cikin mota. Ta leƙa, idonta ba ya gani sosai, ta tambaya wai da hula yake ko babu. Na ce da hula, ta karkace. Ta ce tun yana yaro bai taɓa sa ta daidai ba. Ta koma ɗaki ta kawo mini zarton da take gyara bakin ƙwarya da shi. Na yi wa ƙusar sabon baki. Kafin azahar ta juya.

Juma'a, 8

Alhamdu lillahi. Ya fita, ko tsagewa babu.

Bari in rubuta yadda aka yi, don wanda ke cikina ya sani. Da sassafe muka fara, kafin rana ta taɓa shi, don maigidan ya taɓa ce mini madubi mai zafi ba ya jure ruwa. Robar da ke kewaye ta bushe kamar ƙirgi. Na jiƙa ta da ruwan sabulu mai ɗumi, na bi ta da wuƙa a hankali, na bar kusurwar hoton a bushe. Maƙwabciyata Fanta ta zuba ƙaiƙayi buhu biyu a kan hancin motar, muka shimfiɗa bargo. Ni ina ciki ina turawa da tafin hannu biyu, nan kaɗan can kaɗan, ba wuri ɗaya ba. Ita tana waje tana tarewa, tana ta surutu da Barbarci don tsoro.

Can ya yi wata ƙara, ƙas. Na zaci ya fashe. Ashe robar ce ta saki.

Fanta ta ce, "Ke Kellu, mijinki da nauyi yake, ko da rai bai kai haka ba."

Inno, da ke tsaye a gefe, ita ce ta fara dariya. Muka kai shi ɗakina mu uku, kamar masu ɗauke da ƙwaryar nono cike.

Asabar, 9

Tun safe guduma. Na toshe kunne da farko, daga baya na ga ba ta dame ni ba. Na yi barcin rana.

Lahadi, 10

Na jingina madubin da bango wajen gado, na tokare da tubali biyu. Suma'ila ya shigo gaida Inno, ya tsaya bakin ƙofata ya daɗe. Can ya ce, "Yaya ke nan." Ya ce zai nemo itacen da za a yi masa baki.

Da na durƙusa in goge shi, hasken ƙofa ya faɗo, na ga wata mace a ciki kusa da hotonsa, ta rame, ɗankwali a karkace. Ban yi niyyar dubawa ba. Ban dai kau da kai da wuri ba. Na gyara ɗankwalin, shi ke nan. Na ci tuwo har na ƙara.

Bakin itacen ba a yi ba tukuna, kuma ban ɗinka ko rigar jariri ɗaya ba.