Kwamfutar Injiniya da Gwiwar Kakarta

Zuwa ga ɗana,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya. Yaya aiki, yaya ciwon bayan nan da ba ka son a ambata? Mu nan kalau muke, in ban da gwiwata ta hagu. Na zaɓi takarda ne don a waya katse ni kake yi, nan kuwa dole ka bi ni har ƙasa.

Labarin 'yarka zan ba ka, wadda nake kira Injiniya. Ka san wasan da take yi a kwamfuta ita da abokanta huɗu, kowa daga gidansu. To ranar Asabar suna da gasa, kuma kyaftin ɗinsu ya ce in kwamfutarta ta sake mutuwa ana tsakiyar wasa, wani zai sa a gurbinta. Sau uku ke nan tana ɓacewa ta bar su ana jibgarsu.

Ga yadda abin yake, gwargwadon fahimtar wadda ta tsaya a aji shida. A cikin akwatin kwamfutar akwai wani ɗan ƙarfe da bai kai kwalin ashana ba, furosesa sunansa, shi ne mai tunanin. Ya tsufa, wasan kuma sabo ne, sai hoton ya riƙa ɗingishi. Maimakon ta kawo maka kuka, sai ta shiga can cikin saitinsa ta ƙara masa gudu fiye da inda masu ƙera shi suka tsayar. Na ce ni ma ta duba ko ina da irin wannan saitin, ta ce nawa garanti ya daɗe da ƙarewa. Ka ji tarbiyyarka.

Sai dai gudun ya ƙi zama. In ta sa masa gwajin wahala, sai ya yi awa uku yana huci bai faɗi ba. Amma da an fara wasa, minti ashirin allo ya yi shuɗi, komai ya tsaya cik.

Ban taɓa ganin haƙuri irin nata ba. Kai da rediyo ya ƙi magana mari kake kai masa. Ita littafi ta samu ta ja layuka, abu ɗaya take canzawa, ta rubuta, ta gwada, sannan ta taɓa na gaba. Ta ƙara masa wuta kaɗan-kaɗan kamar mai sa gishiri a miyar mara lafiya. Ta kwance fankar cikin akwatin ta share ƙura da tsohon burushi. Ta goge busasshen man rage zafi da ke kan furosesan, ta ɗiga sabo daidai ƙwayar wake. Ni kuwa wasa ba ya wuce ni, ina gefenta a kujerata, ni ce mai gaya mata in wani ya biyo ta baya a cikin wasan. Gwajin ne ba na zama, lambobi ne kawai suke hawa da sauka, gara in je in yi barcin rana.

Ka sa ta a addu'a. Kada kuma ka kira ka ce ta bar shirme ta kama karatu. A shekarunta ba ka kama ƙafarta ba, takardunka na makaranta suna nan a akwatina.

Uwarka.

Zuwa ga ɗana,

Bayan gaisuwa da tambayar lafiyarka, ka nemi wuri ka zauna, kuma ban yarda ka yi dariya ba.

Ranar Alhamis Injiniya ta lura zafin furosesan a lokacin wasa yana wuce na gwaji da digiri goma sha biyar, alhali gwajin ya fi wasan nauyi. Ta ce lissafi bai yarda da haka ba. Sai ta ƙara layi a littafinta, tana rubuta duk abin da ya bambanta a ɗakin, har taga da labule. Ana cikin wasa na ga ta tsame hannu, ta sunkuya ƙarƙashin tebur, ta daɗe tana kallon ƙafata.

Ashe ni ce. Akwatin yana ƙasa kusa da kujerata, yana fitar da iska mai ɗumi, gwiwata kuma ta gano haka tun watan jiya. In na zauna kallo sai in jingina ta da shi, in ja bargo in lulluɓe mu tare don kada ɗumin ya tsere. Duk kafofin da yake shaƙar iska na toshe su. Baiwar Allah tana ta zargin wuta da mai, ɓarawon yana gefenta yana ba ta shawara.

Kunya ta rufe ni. Na ce ranar Asabar a ɗakina zan yini. Ta ce sam, ba za ta shiga gasa babu mai gadin bayanta ba. Ta ɗauke akwatin ta ɗora a kan tebur kusa da taga, ta cika min robar ruwan zafi na ɗora a gwiwa. Sannan ta rage gudun mataki ɗaya, duk da cewa yanzu zai iya ɗauka. Wai gudun da ba ya tsayawa sai komai ya yi daidai, caca ce, kuma ba za ta yi caca da wahalar mutum huɗu ba. Shekararta goma sha tara fa.

Ranar Asabar awa huɗu suka yi, allon ko ƙiftawa bai yi ba. Sun ci biyu, an ci su ɗaya, sun haye zagaye na gaba. Da aka tashi, kyaftin ya tambaye ta me ta gyara. Ina jin muryarsa ta lasifika, na kasa kunne. Ta ce iska ce ba ta shiga, ta buɗe mata hanya. Ba ta ƙara ko harafi ba. Ya ce gurbinta nata ne, ba mai taɓa shi.

Ta iya kama mai laifi, ta kuma iya rufa masa asiri. Ban san inda ta gado wannan ba. A wurina dai ba ta samo ba, tunda ga shi ba wanda ya tambaye ni na tona kaina.

Ka gaida abokan aikinka, ka kuma kula da bayan nan.

Uwarka.