Kujerun Lakwal ɗin Kona

Zuwa ga yayana Shu'aibu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da zama a Agadas, Allah Ya ƙara maka lafiya, Ya tsare ka da iyalinka. Mu nan Kona lafiya lau. Gero ya yi daidai gwargwado, Gwaggo ta samu sauƙin ƙafa har ta koma faɗan da ta saba, ka san kuwa in tana faɗa to ta warke.

Yaya, maganar abokinka Alhaji Maman Sani ce ta sa na rubuto, kuma raina ba daɗi. Kai ka ce in kwantar da hankalina, ƙungiyar 'yan kasuwarsu ta Tasawa da gaske take za ta buɗe wa 'ya'yan makiyaya aji. Da bakinka na lallashi Dikko. Ka san mijina, bai taɓa ganin amfanin karatun boko na lakwal ba, amma ya yarda 'yarmu Zulfa ta zauna wurina, bisa sharaɗin in ba a fara karatu ba kafin shanu su gama cin karan gonaki, zai tafi da ita kudu wurin kiwo.

Sun zo kuwa, da babbar mota cike da kujeru sababbi, irin masu haɗe da tebur. Aka jera su a rumfa, aka zaunar da yara, mai hoto yana ta cewa su yi dariya. Alhaji ya yi jawabi mai tsawo a kan yara manyan gobe, har na ji ƙwalla. Dikko kuwa ya tsuguna, ya zaro wuƙa ya yi wa ƙafar kujerar Zulfa tsaga irin wadda yake yi wa kunnen dabbobinsa. Na ji kunya, na ce masa kujera ba tunkiya ba ce. Ya ce duk abin da ya zo a mota yana iya komawa a mota. La'asar ba ta yi ba aka kwashe su, wai za a shafa musu fenti a Tasawa. Ni dai ban ga abin da sabuwar kujera za ta yi da fenti ba. Mushe kuwa, wato malamin da suka ce za su turo, har yau ko inuwarsa ba mu gani ba.

Makon jiya na je bikin suna a Korgom, sai na tarar da motar nan, da mai hoton, da jawabin nan bai canza ko kalma ba. Na kutsa cikin mata, na yi kamar ɗankwalina ya faɗi, na bi ƙafafun kujerun da hannu. Yaya, na taɓa tsagar Dikko. Wata yarinya ce zaune a kai tana ta murna.

Ba na so in ɗauki alhakin mutum. Wataƙila aron su aka yi kafin na Korgom su iso, wataƙila ma Alhaji bai san yadda ake yi ba. Amma zuciyata ta ƙi yarda, ina jin kujerun nan garuruwa suke zagawa ana ɗaukar hoto. Ka kira shi don Allah, kuma kada ka bari ya cika ka da gaisuwa. Ka tambaye shi ranar da kujeru da mushe za su zo Kona. In babu, ya faɗa, mu san inda muka dosa.

Ban gaya wa Dikko ba. Sai dai karan gonaki ya kusa ƙarewa, kuma kasuwa mai zuwa zai kai raguna Korgom, rumfar tana bakin hanya. Mutumin nan bai taɓa wuce tsagarsa bai gane ta ba.

Ka gaida Aziza da su Muniru, Gwaggo tana sa maka albarka. Zulfa ma tana gaishe ka. Ta ce in tambaye ka ko fenti yana daɗewa bai bushe ba.

Ƙanwarka mai jiran amsa,
Hafsa