Kujeru Biyar a Teburin Lahadi

Cane Ridge, Mississippi
Farkon Satumba

Zuwa ga Yaya Ozella,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Bernice da yaranta. Yaya ƙafar taki? Ina fata sanyin Chicago bai fara taɓa ta ba tukuna. Mu nan lafiya lau, sai zafin da ya ƙi tafiya.

Tunda kunnenki ya daina shiri da waya, na ɗauko biro. Ki yi haƙuri da rubutun, kin san sai da furfura ta cika kaina na zauna a ajin yamma na coci. Amma wannan labarin ko da gawayi ne sai na rubuta miki shi.

Yaya, an sa Tavarus a sahun farko! Jikana, ɗan 'yata marigayiya Loretta, wanda kika yi wa wanka a baho a kicin ɗina. Koci ya kira shi ya ce daga yanzu shi ne mai gudu da ƙwallo na Alfadarai, ƙungiyar kwalejinmu. Na san ke ba ki taɓa damuwa da ƙwallo ba, ko lokacin da Baba ke kai mu fili a bayan motar auduga. To aikinsa shi ne a danƙa masa ƙwallon a ciki, ya rungume, ya kutsa cikin mutane. Ƙarti biyar ne a gabansa, 'yan gaba, su ke ture abokan karawa su buɗe masa hanya. In sun buɗe ya wuce, in ba su buɗe ba a danne shi nan inda yake.

Da ya faɗa min, zama na yi a kan matakala ina kuka. Ya ce, "Kaka, mutane na wucewa fa." Na ce su tsaya su kalla, ba kullum ake samun irin wannan kyauta ba.

Kin san makarantu biyu na nesa sun neme shi ya ƙi. Ya ce ba zai tafi ya bar tsoho ya ƙone gida da girki ba. Likita ya hana ni tuƙi saboda idon nan, amma daga ƙofata zuwa fili tafiyar ƙafa ce. Duk Asabar zan gan shi, duk Lahadi zai ci a teburina. Ban roƙi Allah fiye da haka ba.

Kin tuna al'adar garin nan, gidan mai gudu shi ke ciyar da 'yan gaba ranar Lahadi bayan coci. Na sauko da babbar tukunyar Mama daga kan kabad. Sun zo su biyar, sai da na aro kujerun ƙarfe daga coci. Babbansu, mai tsayawa a gefen hagu, wani yaro ne daga Louisiana, Orrin Maybry, amma Biskit suke ce masa. Ya ci soyayyiyar tarwaɗa da burodin masara har na daina ƙirgawa, sannan ya tashi ya wanke kwanoni ba wanda ya sa shi. Ya ce, "Baba Ezell, ni kakana ya rasu tun ina goye. In babu damuwa zan riƙa aron na Tavarus." Na ce an ba shi kyauta.

Ki sa mu a addu'a. Ki gaishe da Bernice.

Ƙanenki,
Ezell

Cane Ridge
Tsakiyar Oktoba

Yaya Ozella,

Ina gaisuwa, ina kuma tambayar lafiyarki da ta mutanen gida. Na ga katinki, na ba Tavarus dala ashirin ɗin da kika sa a ciki, ya ce a yi miki godiya.

Abubuwa ba su tafi yadda na rubuta miki ba. Tun da aka fara ba mu ci wasa ko ɗaya ba. Ana ba yaron ƙwallo, kafin ya ɗaga ƙafa an riga an rufe shi. Yadi ɗaya, yadi biyu, wani lokacin ma baya ake mayar da shi. Yana dawowa gida jikinsa duk tabo, ya zauna cikin ruwan ƙanƙara.

Garin ya rabu biyu, kuma a shagon askin Lucius ake yanke hukunci. Lucius ya ce zamanin gudu ya wuce, yanzu kowa jifa yake yi, a wurga ƙwallon ta sama wani ya cafe. Ya ce, "Alfadarai! Ai sunan ma ya faɗa muku. Wa ke noma da alfadari yau?" Hosea Gaines, dattijon cocinmu, yana kan kujera an aske masa rabin kai, ya ce, "Rufe mana baki, Lucius. Kai da ko ƙwallon takarda ba ka taɓa jefawa ta shiga kwandon shara ba. Kakanninmu da gudu suka ci kofi." Lucius ya ce, "Shi ya sa kofin ya yi tsatsa." Wani ya ce laifin koci ne, kullum hanya ɗaya yake tura yaron, har mai sayar da gyaɗa a fili ya san inda za a bi. Ana ta dariya, sai suka tuna ina zaune. Lucius ya ce, "Ɗan'uwa Ezell, ba da jikanka muke ba." Ai da shi suke.

Duk wannan na haɗiye. Abin da ban haɗiye ba shi ne shirin rediyo na yammacin Litinin, wanda mutane ke buga waya su yi sharhi. Wani ya kira ya ce Tavarus rawa yake yi a bayan 'yan gaba, a ba shi kakaki ya koma cikin makaɗan kwaleji. Mai shirin ya yi dariya har da tari.

Yaya, ban san lokacin da na ɗauki waya ba. Na ce ni wani mai sauraro ne daga bakin kogi. Na ce yaron ba shi da laifi, a dubi gefen hagu. Na ce wannan ƙaton na hagu ko ƙofar raga ta hana sauro ba zai iya tarewa ba, a gaban tarwaɗa kaɗai yake da ƙarfi. Da na gama sai mai shirin ya ce, "To mun gode, Ɗan'uwa Ezell." Na manta tun kafin a haife shi nake ba da waƙa a coci, babu kunnen da bai san muryata ba a garin nan.

A nan garin za ka iya zagin koci, ka zagi alƙalin wasa, ka zagi mai jifa har da kakarsa. Amma gidan mai gudu ba ya buɗe baki a kan 'yan gaba. Ko yaron firamare ya san wannan.

Ranar Lahadi na soya kifi kamar kullum, na jera kujeru. Tavarus ya shigo shi kaɗai. Ya dubi kujerun ya ce, "Kaka, ka mayar wa coci kayansu." Na ce ko sun makara ne. Ban mayar ba tukuna.

Ki gaishe da kowa.

Ezell

Cane Ridge
Nuwamba

Yayata,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina fata maganin da aka canza miki yana aiki. Kin ce in je in ba Biskit haƙuri, ki sani kafin takardarki ta iso na riga na je.

Na dafa wake da shinkafa na cika babbar roba, Hosea ya kai ni ɗakin kwanan 'yan wasa a motarsa. Biskit ya fito. Sai a lokacin na ga an naɗe masa kafaɗar hagu da bandeji har wuya. Ashe tun wasa na biyu kafaɗar ta goce, ya hana a cire shi, don wanda zai maye gurbinsa sabon shiga ne, ya ce in aka sa shi za a karya Tavarus. Da hannu ɗaya yaron nan yake tare wa jikana mutane, ni kuma na hau rediyo.

Na faɗi abin da ya kawo ni. Ya saurara har na gama, ya karɓi robar ya ce, "Na gode, Mista Pettway. Ba komai." Mista Pettway, Yaya, sunan gidanmu, ba Baba Ezell ba. Da ya ɗaga murya da na fi jin daɗi.

Tavarus ya ce haka suke yi masa shi ma. Ba wanda ya zage shi, ba wanda ya daina yi masa aiki a fili. Amma in ya shiga ɗakin canza kaya sai hira ta mutu, kuma an daina ajiye masa wuri a bas.

Sannan ga abin da ya fi. Koci ya gaji, ko kuwa rediyo ta gajiyar da shi. Ya zaunar da Tavarus a benci, ya ce a yi ta jifa. Kuma muka ci! Nasararmu ta farko a bana. An yi ta busa ƙahon mota a babban titi, makaɗa suka zagaya gari. Ni ma na tafa, ai ƙungiyarmu ce. Jikana yana tsaye a gefen fili, rigarsa fes ko ɗigon laka babu.

Ranar Litinin shagon Lucius ba wurin zama. Yana kaɗa almakashi yana cewa, "Ina masu alfadari? Hosea, zo in aske maka kyauta, ka ji da abu ɗaya." Hosea ya ce, "Wasa ɗaya, kuma da waɗanda ko 'yan matan mawaƙan coci za su doke su." Amma muryarsa ba ƙarfi. Da muka fito ya ce min ya ji koci yana neman yara masu kama jifa don baɗi, ba ya neman mai gudu.

Kwanan nan in wayar Tavarus ta yi ƙara, bayan gida yake fita ya amsa.

Ki ci gaba da addu'a, ko da yake ban san me zan ce ki roƙa ba.

Ƙanenki,
Ezell

Cane Ridge
Disamba

Zuwa ga Yaya Ozella,

Ina miƙo gaisuwa, da fatan za ku yi Kirsimeti lafiya. Yaya sanyi? Yaya jikokin?

Ki taya ni murna. Wata makaranta a Dakota ta Arewa ta ɗauki Tavarus. An ce can har yanzu gudu suke yi, sun ce irinsa suke nema, za su ci gaba da ɗaukar nauyin karatunsa. Zai tafi bayan sabuwar shekara. Da ya faɗa min na rungume shi na ce na yi farin ciki, kuma ba ƙarya na yi ba. Ya ce, "Kaka, ba saboda rediyo ba ne." Na ce na sani. Ya ce ko da ban kira ba koci zai koma jifa. Wataƙila haka ne. Amma na san yaron da na raina. Da Lahadinmu tana nan, da zai iya zaman benci shekara guda.

Na sa ya nuna min wurin a taswirar bango. Sai da ya ɗaga hannu sama da kansa. Ni da ban taɓa hawa jirgi ba, kuma an karɓe min makullin mota. Ya ce ana nuna wasanninsu a waya. Na ce to. Ban gaya masa ba cewa ko lambar da ke bayan rigarsa da ƙyar nake gani yanzu, ta yadda yake sunkuyar da kafaɗa nake gane shi.

Bari in ba ki labarin wasan ƙarshe. Ruwa ake yi, an yi mana nisa da maki, mutane sun watse sai mu tsofaffin da ba mu da inda za mu. Saura kaɗan a tashi koci ya tura shi ciki. Aka danƙa masa ƙwallo. Yaya, Biskit ya sa kafaɗarsa mai lafiya ya kwashe mutum biyu kamar buhunan auduga, hanya ta buɗe, yaron ya bi ta. Yadi goma sha ɗaya. Bai kai layin ƙarshe ba, gudun bai canza komai ba. Amma Lucius da ke kusa da ni ya miƙe yana ihu, "Gudu, ɗan Loretta, gudu!" har hularsa ta faɗi cikin ruwa. Da ya zauna na dube shi, ya ce, "Me? Ƙafata ce ta sage." Na ga Biskit ya miƙa hannu ya ɗaga Tavarus daga laka, ya bugi kwalkwalinsa, kowa ya kama gabansa.

Har yanzu ana gardama a shago. Hosea ya ce wannan gudun ya nuna gaskiyarsa, Lucius ya ce makaho ma yakan taka kuɗi. Ni dai aski kawai nake zuwa.

Lahadin da ta wuce na dawo daga coci na tarar da robata a kan matakala, an wanke ta tas, an rufe. Na buɗe ko akwai wani abu a ciki. Babu. Washegari Hosea ya zo muka mayar da kujerun.

Yaya, ina da roƙo. Tun da Loretta ta bar min yaron nan ban taɓa dafa abincin da bai kai na mutum uku ba, don shi kaɗai cin mutum biyu yake yi. Ke kin daɗe kina dafa naki. In za ki ba ni amsa, ki rubuta min da manyan baƙi, shinkafa kofi nawa ake zuba wa mutum ɗaya, kuma a wace irin tukunya. Ta Mama na wanke ta, amma hannuna ba ya kai ta kan kabad, sai Tavarus ya ɗora min kafin ya tafi.

Allah ya sada mu da alheri. Ki gaishe da Bernice da yara.

Naki har kullum,
Ezell Pettway