Littattafan Abincin Ilsiyar

Ni Minzifa, mahaifiyarku, nake rubuta wannan da hannuna a gidanmu na Chistopol. Hankalina yana nan daram, zuciyar ce kawai ta gaji. Rushan, Ilsiyar, ku zauna ku karanta tare, ko da yake shekara tara ke nan ba kwa gaisawa.

Na ɗaya. Gida da gonar dankali na Rushan ne. Ɗakin da ke kallon kogi na Ilsiyar ne, ba sai ta nemi izinin kowa ba.

Na biyu. Ilsiyar, lambobin zinaren nan biyu da kika ci a gasar zamiyar ƙanƙara ta ƙasa, ki sauke su daga bangona ki tafi da abinki. Ban taɓa kallonsu raina ya yi sanyi ba.

Na uku. A ƙarƙashin gadona akwai littattafai goma sha ɗaya. Kun san ina aji biyu aka cire ni daga makaranta aka kai ni tatsar shanu, sai da na kai arba'in na iya riƙe biro. Ba don sha'awa na koya ba. Mai horar da Ilsiyar ce ta ce dole kowace uwa ta rubuta duk lomar da 'yarta ta ci, domin yarinyar da abokin wasanta namiji zai ɗaga sama a kan hannu ɗaya ba ta da ikon ƙara ko giram ɗari. Ilsiyar, kullum da safe sai an ɗora ki a sikeli kamar buhun gari. Ni kuwa, sakarya, ina ta murna wai na iya rubuta "rabin tuffa".

Rushan, ka buɗe littafi na ƙarshe. Kwana uku kafin gasar Kazan, ƙanwarka ba ta sa komai a cikinta ba sai shayi babu sukari. Da Arseniy, abokin wasanta na shekara goma sha ɗaya, ya ɗaga ta sama, ba suɓuce masa ta yi ba. Suma ta yi a hannunsa. Ya ji jikinta ya saki, ya faɗi tare da ita don kada kanta ya bugi ƙanƙara. Ƙugunta ya karye, jaridu suka ce shi ya yar da ita. Kai kuma ka tare shi a ƙofar asibiti kana cewa, "Kai, mai hannun man shanu!" ka fasa masa hanci. Bai rama ba, bai kuma tona ba. Tun daga ranar babu yarinyar da aka sake haɗa shi wasa da ita. Yanzu a garin Perm yake, yana wasa wa mutane kaifin ƙarfen takalman zamiya.

Mai horarwar nan ta same ni a asibitin ta ce in rufe littafin in rufe bakina, in ba haka ba sunan 'yata zai ɓaci. Na ji tsoro, na rufe. Har gobe ina jin haushinta, amma na fi jin haushin kaina.

Ilsiyar, 'yata, ke ma ba ki fita ba. Kin yanke wa yayanki magana saboda ya doki marar laifi, amma ba ki taɓa gaya masa dalili ba. Ta ina zai sani?

Na huɗu. Kafin a yi mini sadakar arba'in, ku hau jirgin ƙasa ɗaya ku je Perm. Rushan, ka roƙi gafararsa a tsaye, hula a hannu. Ilsiyar, ki miƙa masa littafin. In ya so a buga a jarida, a buga, da sunana a ƙasa, ni na rubuta. In ya kore ku, ya yi daidai. Ku koma wani makon.

Allah ya yi muku albarka, ya raya 'ya'yanku. Ku riƙe juna, ba ku da kowa bayana sai ku biyu. Na yafe muku komai. Abin da ban isa in yafe ba shi ne na Arseniy, wannan sai kun je da ƙafarku.