Fentin Ɗakin Baba

Kafanchan,
9 ga Agusta, 1976.

Yayana Alexander,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji. Ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka lafiya, kai da iyali a Ikko. Mu nan da sauƙi, damina ta yi kyau, cittar da muka shuka a Kwoi ta kama. Sai dai zancen Baba, kuma shi ya sa na ɗauki biro.

Ka ce a yi wa ɗakinsa fenti kafin a sallamo shi daga asibiti. Na je wurin Malam Tagwai mai fenti, ya shafa mini kala biyu a jikin katako, ruwan madara da ruwan hauren giwa. Da ɗanyensu ko mai ido huɗu ba zai raba su ba. Sai da suka bushe na madarar ya ja rawaya kaɗan, ɗayan ya ja toka-toka. Na ɗauki mai tokar don ba ya nuna hayaƙin fitila, har ina yabon dabarata.

Yaya, garin neman gira na rasa ido. Ranar da aka kawo Baba, ya tsaya a bakin ƙofa ya daɗe yana kallon bango. Ya ce wannan kalar ɗakin ƙarshe ce a asibiti, inda ake tura wanda likita ya cire rai da shi, inda Mama ta cika. Ya ce ashe mun gama shawara a kansa. Ni ban taɓa shiga ɗakin nan ba, ranar kai da shi kuka shiga.

Yau kwana tara yana kwance a madafa, ga sanyin ruwa, ga tari. Kunu ma sai cokali biyu. Na sake shafe bangon da ruwan madara har sau biyu, Fasto ya zo ya yi addu'a, amma Baba ya ce shi ya san abin da ke ƙarƙashi. Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Jiya ya ce wanda ya ce a shafa, shi zai zo ya kankare da hannunsa, in ba haka ba shi Baba ba zai shiga ɗakin ba.

Ka gai da matarka Hellen da su Rufus. Inna Kubra tana gaishe ku. Kada ka aiko amsa a takarda, Yaya, jirgin da zai kawo ta shi zai kawo ka.

Ƙanwarka,
Magdalene Zamani