Ƙwallon Taɓarya

Daren Laraba, Woolwich

Shekara uku ina ƙaryar son baseball, ƙwallon taɓarya, don kawai ɗana Nura ya riƙa kirana daga Amurka mu kalla tare. Yanzu tashar talabijin ta garinsu ta karye, kulob ɗin garin ya rasa kuɗin nuna wasa, ya sallami gwanayensa. Ni a London ina kama wasan, shi da filin wasan ke bayan gidansa an toshe masa.

Ɗazu na kira, na ce zan riƙa ba shi labarin wasan. Ya ce, "Baba, bar shi kawai, na yi cancel, na daina biyan kuɗin kallon."

Ni da ke sayar wa Bature hular sanyi a zafin watan Yuli, na kasa riƙe ɗana minti biyu a waya. Ga wasan can ana ta yi. Ban ma san wa ke ci ba.