Tsakanin Lima da Marakaibo

Litinin, 6 ga Yuni

Baba ya rasu yau. Ina cikin yanka albasa a ɗakin girkin Donya Teofila, inda nake aiki, sai Yaya Marbelis ta kira daga Marakaibo. Na ce mata to. Na ƙarasa albasar.

Talata, 7 ga Yuni

Na duba a waya. Daga Lima zuwa gida ta sama, kilomita dubu biyu da ɗari shida ne, ko kusa da haka. Da jirgi zai miƙe kai tsaye, da safe in tashi, kafin rana ta take in isa. Ni da na zo a mota, ƙasa bayan ƙasa, har ƙafafuna suka kumbura.

Fasfona ya daɗe da mutuwa. Matar ofishin jirgi ta juya shi gaba da baya, ta turo min. "Ko kin fita, 'yar'uwa, da me za ki dawo?" Ban ji haushinta ba. Jan farcenta nake ta kallo.

Laraba, 8 ga Yuni

An binne shi. Yaya ta riƙe min waya in gani. Na ga takalman mutane, na ga gefen akwatin gawar, na ji limamin coci ya fara addu'a. Sai hoton ya tsaya cik a kan haɓar Kawu Nerio. Da ya dawo, har sun watse.

"Kin gani dai, Yubisai?"

Na ce na gani.

Asabar, 11 ga Yuni

Donya Teofila ta ajiye min kwanon miyar kaza. "Ci, 'yar nan. Kin rame kamar tsintsiya, masu cin abinci za su ce girkina ne." Na ci. Gishiri bai ji ba, ko bakina ne.

Lahadi, 19 ga Yuni

Yayyafi. Ban fita ba.

Alhamis, 23 ga Yuni

Motar aiki tana bi ta bayan filin jirgi. Wani jirgi ya tashi daidai kanmu, yara suka leƙa taga. Ban ɗaga kai ba. Yaya ta ce ta ba maƙwabci kujerar da Baba ke zama a ƙofar gida. An yi daidai, ina jin.

Juma'a, 1 ga Yuli

Yaya ta kira, an ɗauke musu wuta, tana fifita da kwali. Muka yi ta hirar banza. Can ta ce, "To ke, sarauniyar Lima, yaushe za ki dawo mana?"

Na ce, "In dawo wurin wa? Ke dai ki haɗa kayan yara ki taho. Ɗakina zai ɗauke mu."

Ta ci gaba da fifita da kwalinta. Ni ma sai da na ajiye wayar na ji abin da bakina ya faɗa.

Na auna bangon taga da hannu. Katifa biyu za su shiga.